Bushewar baki saboda magani: shawarwarin da aka bayar a Makka

A wani zama da matan unguwarmu suka yi a Makka bayan la'asar, wata dattijuwa ta koka cewa tun da aka ɗora ta a kan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, harshenta kan manne wa ganɗa da asuba, har dabino ya gagare ta haɗiya. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata: "Hajiya, kada ki daina shan maganin da kanki, likita na iya sauya shi ko ya rage yawansa." Ta ƙara da cewa magungunan mura da na ƙaiƙayi da na damuwa su ma suna rage yawu.

An fi nanata kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan da ajiye gora kusa da shimfiɗa, tunda na'urar sanyaya ɗaki da muke kwana da ita tana busar da iska. An kuma ce a rage gahawa da shayi, a riƙa tauna cingam marar sukari. Ni haƙora ne suka fi damuna, domin yawu ne ke kare su daga ruɓewa, saboda haka kada a yi sakaci da aswaki da man goge baki mai fulorayid safe da dare.