Neman sunan Hausa ga ƙaramin kifin ƙorama mai cin gansakuka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Akwai ɗan ƙaramin kifin da muka daɗe muna kwatanta shi da baki saboda ba shi da suna a Hausa, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar masa da ɗaya. Masana suna kiran jinsinsa Stiphodon, sunan da Max Weber ya raɗa masa a 1895, kuma yana cikin babban dangin kifayen da ake kira gobi. Tsawonsa bai cika wuce santimita 5 ba, mazauninsa kuwa ƙoramu ne masu gudu a kan duwatsu a Indonesiya, Filifin, Taiwan, kudancin Japan da tsibiran tekun Fasifik.

Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne "mai share tanki", kuma shi ne nake roƙon mu yi watsi da shi tun kafin ya kama. Wanda ya ji wannan suna zai ɗauka ya samu ɗan aikin da zai riƙa kwashe masa ƙazanta, sai ya jefa shi cikin sabon akwatin gilashi mai ƙyalli wanda babu abin da ya tsiro a cikinsa, kifin ya yi ta ramewa har yunwa ta kashe shi. Abincinsa shi ne siririn santsin nan da ke lulluɓe dutse idan ya daɗe a ruwa haske yana dukansa, wato gansakuka mai laushi da ƙananan halittun da ke zaune a cikinta. Saboda haka mai kiwonsa yana bukatar akwatin da ya yi watanni da ruwa, da fitila mai ƙarfi, da duwatsu masu sulɓi, kuma yakan ajiye wasu duwatsun cikin wani ruwa daban a wuri mai haske domin su yi kore ya riƙa musanyawa. Sau da yawa kifin ba ya kula garin abincin da ake barbaɗa wa sauran kifaye, musamman a farkon zuwansa.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar "ci-gansakuka". Ginin kalmar ya yi daidai da na "sha-zumami", sai dai kifayen ado masu cin gansakuka suna da yawa, har da wasu dangin tarwaɗa na Kudancin Amurka waɗanda kiwonsu bai yi kama da na wannan ba. "Maƙale-dutse" ma ta ba ni sha'awa, domin fikafikansa biyu na ƙarƙashin ciki sun haɗe sun zama faifai mai mannewa, kuma da shi yake riƙe dutse ruwa bai tafi da shi ba. Da shi kuma yake hawa gilashi har ya fice daga akwati, wanda ya sa murfi ya zama dole. Amma wannan faifai gadon yawancin dangin gobi ne, bai keɓanta da shi ba.

Abin da na tsaya a kai suna biyu ne, na dangi da na kansa. Na dangi shi ne "gobin ƙorama". An yi ƙorafin cewa gobi ta yi kusa da gobe, amma ban ga wanda zai rikita su a cikin jimla ba, kuma riƙe kalmar zai taimaki mai neman ƙarin bayani a intanet. Ƙorama ce take ɗauke da nauyin sunan, domin tana shaida wa mai kiwo cewa ana bukatar ruwa garau mai motsi da wadatar iskar shaƙa, da famfo mai tura ruwan, da zafin da bai yi nisa da digiri 22 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyos ba. Tana kuma bambanta shi da ɗimbin danginsa da ke zaune a teku, ko da yake shi ma yana da alaƙa da tekun: a ƙarƙashin dutse ake saka ƙwai, namiji ya yi gadi, idan suka ƙyanƙyashe ruwa ya kwashi 'ya'yan zuwa teku, sai sun ɗan tasa su hauro ƙorama. Wannan ne ya sa hayayyafarsa a gida take da matuƙar wuya, kuma kusan duk wanda ake sayarwa kamo shi aka yi daga mazauninsa, dalilin da ya isa ya hana mutum sayensa kafin ya shirya masa wuri.

Na kansa kuwa shi ne "lashi-dutse", bisa ginin "sari-kutuf". Akwai gobin ƙorama masu farautar tsutsa da ƙwari, irin su Rhinogobius, don haka dole a ware wanda ke kifa bakinsa a kan dutse yana kankare santsi da ƙananan haƙoransa. Kalmar ta namiji ce kamar kifi, jam'inta kuma "kifayen lashi-dutse". Duk wanda ya san wata halitta da ta riga shi wannan suna a wani karin harshen Hausa, don Allah ya sanar da mu kafin mu fara rubuta shi.