Yadda za mu riƙa musayar ayyukan gwajin CCNA kyauta a tsakaninmu

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Mu shida ne a nan Gwaram muke shirin jarrabawar CCNA mai lamba 200-301, wato jarrabawar kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci su yi sadarwa, kuma kwamfuta biyu gare mu, ɗayar ma ram ɗinta giga 4 ne, sai an kai ta shagon caji mai sola kafin ta ba mu awa uku. Babu wanda ya taɓa riƙe rauta ko suwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna) na gaske a cikinmu. Kowa yana haɗa aikin gwajinsa a Packet Tracer, manhajar da ke kwaikwayon waɗannan na'urori, idan layi ya zo kansa, amma mun lura cewa rabin lokacin yana ƙarewa ne wajen jera na'urori da ja musu waya, kafin a kai ga ainihin darasin batir ya mutu. Wace hanya ce ta fi dacewa mu riƙa musayar ayyukan da aka riga aka shirya da ɗaliban wasu garuruwa? Kuma shin Packet Tracer ya wadatar, ko dole ne mu koma GNS3, wata manhajar gwajin, kamar yadda wani ya gaya mana?

Malamin Kazaure:
Wa'alaikumus salam, ƙanina. Ku zauna a kan Packet Tracer. Cisco ne suka yi shi domin masu koyo, kyauta ne ga duk wanda ya yi rajista a Networking Academy, kuma yana ɗaukar kusan duk abin da za ku taɓa a wannan mataki, darussa irin su VLAN (raba suwic ɗaya gida-gida), OSPF mai yanki ɗaya, DHCP, NAT da ACL. Kwamfuta mai giga 4 za ta ja shi, alhali GNS3 yana kunna ainihin manhajar rauta ne, saboda haka yana cin ram sosai.

Inda nake so ku kula shi ne irin abin da za ku riƙa rabawa. Yawancin fayilolin da ke yawo a zaurukan WhatsApp kammalallu ne, an gama saita komai, ɗalibi ya buɗe ya ga fitilu sun yi kore, ya aika ping, wato saƙon gwada haɗi, ya ga amsa, ya rufe yana jin ya iya. Wannan kallo ne kawai. Ku raba kowane aiki gida biyu: fayil na farko mai na'urori a jere da wayoyinsu ba tare da saiti ba, haɗe da takardar umarni, sai fayil na biyu mai amsa, wanda ba za a saki ba sai bayan kwana biyu ko uku. Abin da ya fi wannan amfani ma shi ne a ɓata aiki da gangan. Ɗayanku ya ɗauki aikin da ke tafiya daidai, ya canja VLAN na asali a gefe ɗaya na layin da ya haɗa suwic biyu, ko ya bar ƙofar rauta a kashe, ko ya ba kwamfuta ƙofar fita da ba tata ba, sannan ya miƙa wa ɗan'uwansa ya nemo cutar. Wanda ya yi rabin awa yana buga umarnin show ip interface brief kafin ya gano ƙofar da ke kwance, ba zai ƙara mantawa da no shutdown, umarnin kunna ƙofa, ba. Idan layin kwamfuta bai zo kanka ba, lissafin raba adireshin kwamfutoci a takarda ake yin sa. Ka zauna ka tabbatar wa kanka dalilin da ya sa rukunin adireshi mai alamar /26 ke ba da adireshi 62 na amfani.

'Yar Bichi:
Na gode, Malam, wannan shawara ta ɓata aiki da gangan za mu ɗauke ta. Ɗan'uwa, ga abin da ya taɓa ba mu wahala a nan: fayil ɗin da aka adana da sabon Packet Tracer ba ya buɗuwa a tsoho, don haka ku daidaita a kan samfuri ɗaya, kuma ku riƙa rubuta lambarsa a sunan kowane fayil tare da darasin da ya ƙunsa. Fayilolin ba su da nauyi, data kaɗan suke ci, kuma idan kuna tare Xender ma ya isa. Manhajar kanta ce mai nauyi, sai mutum ɗaya ya sauke ta idan ya shiga Birnin Kudu ko Dutse. Tana neman a shiga da asusu, amma akwai zaɓin ta riƙe ka na wata uku, ku danna shi tun kuna inda sabis yake da ƙarfi.

Injiniyan Ringim:
Na yarda da su duka, sai dai ina da jan kunne. GNS3 kyauta ne, amma manhajar rauta mai suna IOS da ake zuba masa mallakar Cisco ce mai lasisi, don haka kada zaurenku ya zama wurin rarraba ta. Haka nan tambayoyin jarrabawa da aka sato: duk wanda ya zauna jarrabawar ya amince ba zai fitar da su ba, kuma ana iya soke takardar wanda aka kama yana amfani da su. Jarrabawar da ake biya wa dala 300 ba a yi mata wannan ganganci. Wanda yake son taɓa manhajar rauta ta gaske ba tare da keta haƙƙi ba, kamfanin MikroTik suna da tasu mai suna CHR kyauta, an dai taƙaita gudunsa zuwa megabit 1 a kowace ƙofa, wanda ya ishi gwaji. Umarninsa daban ne da na Cisco, sai a bar shi zuwa bayan jarrabawa.

Ɗan Gwaram:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Mun tsayar da ranar Asabar don sakin fayil ɗin umarni, Talata kuma na amsa. Malama, wane samfuri kuke amfani da shi a Bichi, domin mu daidaita da ku tun kafin mu sauke?