Makarantar koyon aikin sauti ta kasa cika alkawari: in biya kashi na biyu ko in haƙura?

Ɗalibi daga Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a aikin sauti, musamman ma'aikatan rediyo da masu sutudiyo. A farkon shekarar nan na shiga wata makaranta mai zaman kanta a Legas, wadda ke koyar da ɗaukar sauti da haɗa shi da tace shi, kwas na shekara guda, kuma yayana ne ya ɗauki nauyin kuɗin makarantar da na haya. Abin da ya ja hankalina shi ne hotunan da suke sakawa a Instagram na wani babban mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, da ɗakin ɗaukar murya mai gilashi, tare da alkawarin cewa kowane ɗalibi zai zauna a kan na'ura duk mako, sannan a tura shi wata sutudiyo ya gwada aiki kafin ya kammala.

Da muka fara karatu sai muka tarar cewa wannan ɗakin na mawaƙan da ke biyan kuɗin haya ne, mu kuwa iyakarmu leƙe ta bayan gilashi. Mu kusan talatin ne a aji, kwamfutocin da ke aiki ba su kai goma ba, kuma manhajar da ke kan wasunsu ta sata ce, tana daskarewa ana tsakiyar aiki. Idan aka ɗauke wuta ba a tayar da janareta sai in akwai baƙo a babban ɗakin. Yawancin masu koyar da mu ɗaliban bara ne. Akwai ranar da aka jona makirfo mai buƙatar wuta daga mikisa, ya ƙi yin magana, malamin ya yi ta canja waya har ya yanke hukuncin cewa makirfon ya lalace, sai wata 'yar ajinmu ta lura cewa ba a danna maɓallin nan na volt 48 ba.

Yanzu an ce mu biya kashi na biyu kafin ƙarshen wata. Da na tambaya ko gwamnati ta san da takardar da za su ba mu, wadda suke kira difloma, sai aka nuna mini shaidar rajistar kamfani ta CAC da aka liƙa a bango. Shin in biya in ƙarasa don kada na farko ya tafi a banza, ko in tattara in dawo Kano? Kuma akwai inda ake kai irin wannan ƙorafi?

Tsohon injiniyan rediyo, Kaduna, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, labarin makirfon nan kaɗai ya ishe ni in fahimci halin da kuke ciki, domin bambanci tsakanin makirfo irin Shure SM58, wanda ba ya neman wuta, da mai neman volt 48 ta wayar XLR, darasi ne na makon farko. Wanda bai san wannan ba bai kamata a tsayar da shi gaban ɗalibai ba.

Ka auna abin da ka samu da waɗannan abubuwa kafin ka yanke shawara. Wanda ya yi rabin shekara a makarantar kirki ya kamata ya iya bin sawun sauti tun daga bakin makirfo, ya ratsa waya, ya shiga mikisa, ya fita ta lasifika, ta yadda idan sauti ya ɗauke a tsakiyar taro zai san inda zai fara dubawa ba tare da ya rikice ba. Ya kamata ya iya saita ƙarfin shigar murya ta yadda ba za ta fashe ba idan mai magana ya ɗaga harshe, kuma ba za ta nutse cikin shuu ba idan ya yi ƙasa da ita. Ya kamata idan ya ji ƙugin nan mai kauri a lasifika ya gane cewa daga wutar lantarki yake, tunda wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ya kuma nemi matsalar a wajen haɗin waya da ƙasa maimakon ya yi ta murɗa maɓallai. Ya san dalilin da ya sa ake ɗaukar sautin fim da talabijin a kan 48 kHz, wato na'ura tana auna sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, alhali faifan CD a kan 44.1 kHz yake. Akwai kuma abin da samari ke rainawa, wato lafiyar kunne: zama na awa takwas cikin ƙarar da ta kai decibel 85 shi ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka shata, kuma na san abokan aiki da suka bar sana'ar nan saboda kunnensu ya mutu tun ba su tsufa ba.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya da kallo ta bayan gilashi. Hannu ne ke koyonsu, da kunne, da maimaici. Saboda haka ra'ayina shi ne kada ka biya ko kwabo sai sun ba ku jadawali a rubuce, mai sa hannun shugaban makarantar, wanda ya fayyace awa nawa kowane ɗalibi zai yi a kan na'ura duk mako da sunan wanda zai tsaya a kansa. Kuɗin da ka riga ka biya ya tafi, ko ka zauna ko ka tashi, don haka kada ka bari tausayinsa ya sa ka jefa wani a bayansa.

Mai sutudiyo a Zoo Road, Kano, ya amsa:

Na yarda da Baba a kan kusan komai, amma ina so in ƙara wani abu da ƙila ba zai yi wa ƙanena daɗi ba. Ko da makarantar ta cika duk alkawuranta, shekara guda ba ta mayar da mutum injiniyan sauti. Yawancinmu a nan da naɗe waya da ɗaukar lasifika muka fara, muna zaune a bayan maigida yana buga fiyano yana haɗa waƙa har dare ya raba, kuma tunda na buɗe wurina ban taɓa tambayar yaro takarda ba. Cewa nake ya kunna mini abin da ya haɗa da hannunsa, daga nan na san matsayinsa.

Sai dai ba zan ce koyon gida ya wadatar ba, domin aibinsa a fili yake a finafinanmu. Za ka ga hoto tas, amma muryar jarumi tana zuwa kamar daga cikin rijiya, ƙarar A Daidaita Sahu ta danne magana, kiɗa ya taso ya rufe zance, a waƙa kuma an cika Auto-Tune, manhajar daidaita muryar mawaƙi, har muryoyin mawaƙa sun koma iri ɗaya. Mun gaji kurakuran iyayen gidanmu saboda babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana dalilin abubuwa. Wannan dalilin shi ne abin da ka je nema Legas, kuma shi ne abin da suka hana ka, shi ya sa nake ganin kana da gaskiya a fushinka.

Idan ka dawo, kada ka zauna jiran wata makaranta. A cikin manhajojin ɗauka da tace sauti, Audacity kyauta ce, Reaper kuma lasisinta na mai koyo dala 60 ne, kuma ba ta wahalar da ƙaramar kwamfuta. Ka nemi izini ka riƙa ɗaukar karatu a masallacin unguwarku, ka bi masu kayan sauti zuwa wurin biki da walima, ka dawo gida ka saurari abin da ka ɗauka ka gano inda ya ɓaci. Babban masallaci mai amsa-kuwwa zai koya maka inda ake ajiye makirfo fiye da duk wani allo.

Malama a kwalejin kimiyya da fasaha ta amsa:

Zan tsaya a kan batun takarda da ƙorafi, tunda masana sun yi bayanin sana'ar. Rajistar CAC shaida ce kawai cewa kamfani ya yi rajistar sunansa, ba ta cewa komai game da ingancin karatu. Hukumar da ke tantance makarantun fasaha da na sana'a a Najeriya ita ce NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma hedikwatarta tana Kaduna. Tana wallafa sunayen makarantu da kwasa-kwasan da ta amince da su, don haka ka duba ko sunan makarantarku yana ciki, kuma ka duba kwas ɗin kansa, domin akan amince da makaranta a wani fanni ba a amince da ita a wani ba. Ka kuma sani cewa diflomar ƙasa ta ND shekara biyu ake yi, kuma ta hanyar JAMB ake shiga. Ba laifi ba ne mutum ya buɗe wurin horo na 'yan watanni ya ba da shaidar halarta, amma idan ya bar ɗalibai suna zaton takardarsa za ta ba su aikin gwamnati ko gurbin ƙarin karatu alhali ba haka ba ne, ya yaudare su.

Game da ƙorafi, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, kuma tana karɓar koke a kan hidimar da aka biya kuɗinta ba a samu yadda aka tallata ba. Kafin ka kai can, ka adana rasit ɗinka da takardar shiga makarantar, ka ɗauki hoton tallace-tallacensu tun ba su goge ba, sannan ku rubuta wa hukumar makarantar takarda guda da sa hannun duk wanda ya yarda a ajinku, cikin ladabi, kuna lissafa abin da aka yi alkawari da abin da aka samu, tare da wa'adin amsa. Koken mutum ɗaya ana iya cewa rashin haƙurinsa ne, amma na mutum ashirin yana da wuyar turewa. Ina roƙonka kada ku fara da zagi a Facebook, domin hakan zai ba su damar juya maganar ta koma ta ɓata suna.

Idan har kana son karatu mai takardar da aka sani, ka bincika Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, da kuma Kwalejin Talabijin ta NTA, ita ma a Jos. Amma ko can ɗin, ka je da ƙafarka ka tambayi ɗaliban da ke ciki awa nawa suke samu a kan na'ura kafin ka cike fom.

Ɗalibi daga Fagge ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na auna kaina da abubuwan da Baba ya lissafa, na ga cewa bin sawun sauti kaɗai zan iya, shi ma a wurin wani mai kayan sautin biki na koya kafin in tafi Legas. Na karanta wa 'yan ajinmu amsoshinku, mafi yawansu sun yarda a rubuta takardar, kuma mun tsayar da cewa babu wanda zai biya kashi na biyu sai an ba mu jadawalin a rubuce. Na kuma gaya wa yayana halin da ake ciki, ya ce in jira amsarsu zuwa ƙarshen wata, in ba ta zo ba in dawo gida.

Malama, saura tambaya ɗaya. A takardar da muka sa wa hannu ranar shiga akwai layin da ya ce ba a mayar da kuɗi ko da wane dalili. Shin wannan layin zai hana FCCPC sauraron kokenmu, ko kuwa rashin cika alkawarin da suka yi ya rushe shi?