Ɗan asali ko ɗan gida: shawarwari kan zaɓen 'yan wasan zari-ruga

Masu bibiyar zari-ruga na 'yan wasa 13 sun tattauna kan ɗaukar waɗanda aka haifa a ƙasashen waje cikin tawagar ƙasa, kuma akasarinsu sun ce kada a rufe ƙofa, tunda ƙa'ida ta amince da wanda aka haifi iyayensa ko kakanninsa a ƙasar. Hujjarsu ita ce Tonga, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, a gasar cin kofin duniya ta 2017, lokacin da Jason Taumalolo, haifaffen birnin Auckland na New Zealand, da Andrew Fifita, haifaffen Ostareliya, suka zaɓi ƙasar iyayensu, har ta doke New Zealand da ci 28 da 22, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce kada kwasar 'yan waje ta kashe gwiwar yaron da ke atisaye a filin ƙauye ba takalmi. Masu wannan shawara sun nemi a ware wa 'yan gida gurabe, a zuba kuɗin gasa cikin ƙungiyoyin makarantu, sannan a bukaci ɗan wasan da ya zaɓi ƙasa ya daɗe yana yi mata wasa, yana kuma ziyartarta.