Tambaya: Mindelo na zagaye da teku, me ya sa ruwan sama ke gagararsu?

Abban_Sadiq:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin labarin ƙasa ku taimaka min. Na ga hotunan Mindelo, babban garin tsibirin Sao Vicente a ƙasar Cape Verde, gari a bakin teku ga gidaje masu fenti kala-kala, amma duwatsun da ke bayansa ƙeƙasassu ko ciyawa babu. Ni a tunanina duk inda teku ta kewaye ai ruwan sama sai an gaji da shi. To me ya kawo fari? Kuma da ma me ya kai mutane kafa gari a inda ba ruwan sha?

Malam_Jogarafi:
Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ɗauko taswira ka ɗora yatsa kan Mindelo ka ja shi gabas, za ka bi ta Timbuktu ka faɗa Agadas, duk layi ɗaya suke wajen digiri 17 arewa. Wato tsibirin yankin Sahel ne, teku ce kawai ta raba shi da gaɓar Senegal da ɗaruruwan kilomita.

Kuma kusanci da teku ba shi ke kawo ruwa ba, sai tururi ya tashi sama ya haɗa hadari. To ruwan tekun wurin mai sanyi ne, yana gangarowa daga wajen tsibiran Kanari, shi ya sa iskar ƙasa-ƙasa ke da sanyi da nauyi, a samanta kuma ga busasshiyar iska mai ɗumi ta danne ta, hadari bai samun hanyar tashi. Iskar arewa maso gabas kuwa kusan duk shekara tana kaɗawa, in ta tarar da dogon dutse dole ta hau ta sauke laimarta, amma Sao Vicente duwatsunta gajeru ne, Monte Verde da ya fi tsawo ya ɗan haura mita 700 ne kawai, sai maƙwabciyarta Santo Antao mai dutse kusan mita 2,000 ta kwashe rabon, can ne za ka ga kwaruruka kore shar da rake da ayaba. Mindelo abin da take samu a shekara bai wuce milimita ɗari da 'yan kai ba, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekarar ma shiru. Zafi dai da sauƙi, ba kasafai yake haura digiri 30 ba. Lokacin hunturu kuma ƙurar Sahara na rufe su har jiragen sama su kasa sauka.

Maman_Iman:
Malam ya gama da yanayi, bari na taɓa tarihin. Turawan Fotugal sun iso tsibirin a 1462 ba kowa a ciki, kuma ya yi sama da shekara 300 kusan awaki ne kawai ke yawo, da aka gwada zaunar da manoma a ƙarshen ƙarni na 18 fari ya watsa su. Abin da ya raya garin tashar ruwa ce, Porto Grande, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ta cike, ga zurfi ga kariya daga igiyar ruwa. Da jiragen ruwa masu amfani da kwal suka fito, masu zuwa Burazil da Ajantina da Afirka ta Kudu na buƙatar wurin ƙara kwal a tsakiyar hanya, sai kamfanonin Ingila suka zo suka jibge kwal ɗin da suke kawowa daga Cardiff ta Birtaniya. A 1838 aka sa wa garin suna Mindelo, a 1874 kuma wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta biyo ta nan. Ruwan sha fa a lokacin a jirgi ake ɗauko shi daga Santo Antao a sayar, ka ji garin da aka gina kan kasuwa zalla. Da jirage suka koma mai, Dakar da Las Palmas ta tsibiran Kanari suka ƙwace ciniki, sai talauci, ga yunwar shekarun 1940 da ta kashe dubban mutane a tsibiran, da yawa suka fice zuwa Rotterdam ta ƙasar Holan da Amurka.

Dan_Teku:
Hajiya kin faɗi gaskiya amma kar Abban Sadiq ya ɗauka garin ya mutu. Mutum wajen 70,000 ne a ciki, shi ne gari na biyu bayan Praia babban birnin ƙasar, kuma a kiɗa ba a haɗa shi da kowa a ƙasar, nan aka haifi shahararriyar mawaƙiya Cesaria Evora a 1941. Ruwan famfo yanzu na teku ne ake tace gishirin da inji, shi ya sa yake tsada. Kayan miya kuwa har gobe jirgin fito ke kawowa daga garin Porto Novo na Santo Antao, tafiyar kamar awa ɗaya. Sannan wani abu, ƙasar da ta bushe ƙamas ba ta shan ruwa, ranar da aka yi mamako sai ya gangaro daga duwatsu kai tsaye cikin gari, haka aka yi a Agustan 2025 ambaliya ta ci rayuka ta tafi da motoci.

Abban_Sadiq:
Kai, na gode ƙwarai Allah ya ƙara ilimi. Malam saura ɗaya, na ji ana cewa hazo mai laima na sauka kan Monte Verde, ana iya noma a can saman ko shi ma bai isa ba?