Na gyara jiki ibada ta yi rauni, na gyara ibada barci ya gudu: ku ta yaya kuka ɓullo?

Ɗan Ofis:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, kuma labarin abin da ya faru da ku nake son ji, don nasiha na sha ta har na ƙoshi. Duk lokacin da na ɗaura ɗamarar gyara rayuwata sai in jero abubuwa: motsa jiki da sassafe, tashin dare, karatun Alƙur'ani shafi kaza, rage taɓa waya, karanta littafi kafin kwanciya. Makon farko ina jin kaina sabon mutum. Kafin wata ya zagayo sai ga ni ina gyangyaɗi a gaban kwamfuta, ina daka wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, asuba kuma sai gari ya yi haske nake zabura. Daga nan sai in watsar da komai, har abin da dā nake yi ba tare da wahala ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ta ina ya fita?

Maman Tagwaye:

Wa alaikumus salam Yaya. Ɗauki biro ka rubuta lokacin da kowane ɗaya daga cikin abubuwan da ka lissafa yake ci, sannan ka tambayi kanka daga ina ka ciro lokacin. Aiki ba ka rage ba, hidimar gida tana nan yadda take. To daga barci ka ciro, kuma ni ma haka na yi.

Bayan na yaye yarana sai na ce yanzu zan rama duk abin da ya wuce ni. Ina kwanciya sha biyu ta wuce, saboda sai gida ya yi tsit nake samun kaina, in tashi ƙarfe uku don nafila, bayan asuba in hau tsalle-tsalle a ɗaki ina bin bidiyo. Abin da ya dawo da ni hayyacina wani dare ne da na yi sujada, ban sake sanin inda nake ba sai kukan ɗaya daga cikin yaran da na ji, goshina a kan darduma, wuyana ya ƙage. Ban san raka'a ta nawa ba ce, ban san me na karanta ba.

Malamarmu ce ta tuna mini hadisin igiyar da Annabi (SAW) ya gani an ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Akwai kuma wanda Nana A'isha ta ruwaito, cewa mai gyangyaɗi a sallah ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Duk na san su tun ina yarinya, amma ban taɓa ɗauka da ni ake ba.

Yanzu wutirina nake yi bayan isha'i in kwanta. Ranar da na farka da kaina kafin alfijir in yi raka'a biyu, ranar da ban farka ba, ba na kwana ina zargin kaina. Waya kuma a falo take kwana, tana caji.

Mai Himma:

Ku yi haƙuri, amma ni ina ganin muna nema wa kasala hujja ne kawai. Magabata nawa ne suka raya dare kuma suka yini suna aiki? Wa ya ƙirga musu awa bakwai na barci da ake cewa mutum ya samu? In niyya ta yi ƙarfi jiki zai bi.

Dattijo Mai Ritaya:

Ɗana Mai Himma, Allah ya ƙara himma. Sai dai ka ɗauko rabin labarin ka bar rabi. Mutanen da kake magana a kansu ba sa kai wa tsakar dare ido a kan gilashin waya. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da kuma hira bayanta. Wanda ya kwanta ƙarfe tara ya tashi ƙarfe huɗu ai ya yi awa bakwai ɗinsa cif, ga ƙailula da rana. Kai kuma kana so ka kwanta ƙarfe ɗaya ka tashi ƙarfe huɗu, ka ce koyi kake yi.

Ka tuna Salmanul Farisi da ya kwana gidan Abud Darda'i. Ya tarar da shi yana azumi, ya ce ba zai ci abinci ba sai sun ci tare. Dare ya yi, Abud Darda'i ya miƙe zai yi sallah, ya ce masa kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake cewa kwanta. Sai ƙarshen dare ya ce yanzu tashi, suka yi tare. Sannan ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da nasu. Da maganar ta je gaban Annabi (SAW) cewa ya yi Salmanu ya yi gaskiya.

Ni sai da hawan jini ya kama ni na koyi wannan. Likita ya auna ya ga na haura 140 bisa 90 ba sau ɗaya ba, ya tambaye ni awa nawa nake barci, na kasa ba shi amsa.

Ma'aikacin Dare:

Duk wannan magana ta a kwanta da wuri ta masu aikin rana ce. Ni lokacin da kuke kwanciya nake sa takalmi. Na daɗe ina jin haushin irin waɗannan shawarwari, har na gano cewa agogon bango ba zai yi mini amfani ba, sai na koma rataya kowane abu a jikin wani abin da dole in yi shi. Azkar ɗin safiya a hanyar dawowa gida. Miƙe jiki da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe na minti goma da zarar na cire kayan aiki, kafin wanka. Karatu lokacin hutun tsakar dare, ko da rabin shafi ne.

Abu biyu suka fi taimakona wajen barcin rana. Na farko labule mai kauri, wanda in ka ja shi ɗaki zai yi duhu ƙirin. Haske ne yake saita agogon da ke cikin jikin mutum, shi yake hana melatonin, sinadarin da ke jawo barci, fitowa, don haka in rana tana dukan fuskarka jiki ba zai yarda lokacin barci ya yi ba. Na biyu, na daina shan kofi a rabin aiki na ƙarshe. Kafeyin, sinadarin cikin kofi da ke hana barci, yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kenan kofin da ka sha ƙarfe huɗu na dare yana nan tare da kai ƙarfe tara na safe.

Ban ce na daidaita ba fa. Ranakun hutu har yanzu rikicewa nake yi, iyali suna son ka zauna da su, idonka kuma kamar an zuba yashi.

Ɗalibar Jami'a:

Nawa ya ɗan bambanta, amma bari in faɗa ko zai amfani wata. Akwai lokacin da komai ya fita raina. Sallah ina yi amma kamar ana jana, karatu ba ya shiga, ƙawaye su kira in ƙi ɗauka, in kwanta tun magariba in tashi a gajiye. Duk wanda na gaya wa sai ya ce raunin imani ne, in ƙara azkar. Na ƙara, ban ji sauƙi ba, sai na fara tunanin ko Allah ya yi fushi da ni ne. Wannan tunanin ya fi ciwon kansa cin raina.

Yayata ce ta ja ni asibiti. Aka gwada jini aka ce ya yi ƙasa sosai, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma likitar ta zauna ta yi mini tambayoyi ta ce akwai ciwon damuwa a tare da shi. Na sha magani, na riƙa zuwa ganin mai ba da shawara. Ranar da na fara jin daɗin sallah kuma, ban ƙara komai a kan abin da nake karantawa ba, jikin ne ya dawo.

Anti Nas:

Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya, kuma na gode da kika faɗa a fili. Muna ganin irinki kullum. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne mako biyu: idan mutum ya yi mako biyu a jere yana cikin ƙunci kusan duk yini, ko abin da dā yake so ya daina ba shi sha'awa, ga canjin barci ko cin abinci, to ya ga likita. In kuma tunanin cutar da kansa ya fara zuwa masa, ba a jiran mako biyun, ranar za a tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da sababbin masu jego suna fama da wannan ciwo, don haka masu gida a lura.

Gajiyar da ba ta tafiya ko an yi barci tana da dalilai da gwaji kaɗai ke nunawa: ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, ciwon suga. Yaya Ɗan Ofis, tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. Masu wannan matsala suna iya yin awa takwas a gado su tashi kamar ba su runtsa ba.

Mai Himma kuma, awa bakwai ɗin ba daga ka aka faɗe ta ba. Matsayar da ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka fitar ce a 2015, cewa baligi ya samu awa bakwai ko fiye a kai a kai. Addu'a da magani ba sa rigima da juna, ni kaina da bismillah nake ɗaura wa mara lafiya ruwa.

Mawaƙin Coci:

Ni Kirista ne, amma ciwon ɗaya ne. Akwai lokacin da kusan kowane dare ina wajen koyon waƙa ko addu'ar dare, da safe aiki, har na wayi gari ina tsaye a gaban jama'a ina rera yabo zuciyata babu komai a ciki. Wani dattijo a cikinmu ya buɗe mini 1 Sarakuna sura 19, inda Iliya ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace ya ce ya gaji, gara ya mutu. Mala'ikan da ya zo bai yi masa faɗa ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, sannan tafiya ta biyo baya. Na rage dararen fita, na ware wani lokaci da safe ina zama shiru ni kaɗai kafin kowa ya tashi. Wasu sun ga kamar na ja baya, ban tsaya yi musu bayani ba.

Tela:

Ni ta wajen jiki abin ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Yini nake a kan keke, baya ya riƙe, har ruku'u ya zama aiki. Na yi rajistar gidan motsa jiki da zafi-zafi, na je na ɗaga ƙarfe kamar mai fushi da shi, washegari ko zare na kasa sa wa allura. Ban koma ba.

Abin da ya zauna mini shi ne tafiyar ƙafa bayan la'asar, rabin awa, da saurin da zan iya magana amma ba zan iya waƙa ba. Ina tafe ina azkar ɗin yamma, kenan ban ware wa kowanne lokacinsa daban ba. Kwana biyar a mako ya ba ka minti 150, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi a jagorarta ta 2020, tare da ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Kada agogon hannu ya tayar muku da hankali da taku 10,000. Wannan adadi daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965. Wani bincike da aka yi a kan tsofaffin mata a Amurka, aka wallafa a 2019, ya nuna amfanin yana bayyana tun daga taku 4,400, ya kuma daidaita wajen 7,500.

Game da watsar da komai da ka ce kana yi, Yaya: a Jami'ar Kwalejin Landan an bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, aka ga tsaka-tsakin lokacin da take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe musu komai ba. Kai a mako na uku kake yanke wa kanka hukunci, alhali ɗabi'a ɗaya ma ba ta kama ba, balle biyar.

Mai Himma:

Baba na karɓi gyara a kan kwanciya da wuri. Amma har yanzu ina tsoron mutum ya saba da "kaɗan ya isa" ya mutu a kan kaɗan ɗin.

Dattijo Mai Ritaya:

Tsoronka yana kan hanya, ɗana. Hadisin cewa ya yi aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, bai hana ƙari ba. Ni sai abu ya kai matsayin da in na bar shi nake jin ba daɗi, sannan nake ɗora wani a kai. Raka'a biyun dare da na fara da su bayan ciwon nan yanzu sun zama shida, kuma ba na shan wahalar tashi.

Ɗan Ofis:

Na gode ƙwarai jama'a. Na yi lissafin da Maman Tagwaye ta ce, barcina ko awa biyar bai cika ba. Anti Nas, na tambaya, an ce minsharin akwai amma numfashi ba ya ɗaukewa, duk da haka zan je a duba jinin. Saura matsala ɗaya: wayar ce agogon da ke tashina asuba, in na bar ta a falo ba zan ji ba, in na shigo da ita kuma kun san sauran.

Maman Tagwaye:

Sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, irin mai batir, ka ajiye shi nesa da gado yadda sai ka taka kafin ka kashe. Amma ka fara shawo kan uwargida tukuna, don in tata wayar tana haska ɗakin, ba a yi komai ba. Mu sai da muka yi yarjejeniya, duk wanda ya shigo da tasa shi zai yi wa yara wankan safe.