Fim ɗin tsoro da ba aljani a ciki

Na Rumde Ajiya, Garwa: Jama'a, raina ya ɓaci. Daren jiya na ƙona data ta sefa 1000 a kan wani sabon fim da ake ta zuzutawa wai na tsoro ne. Awa biyu ina jiran aljani ko fatalwa, ashe duk abin da matar take gani a gidan a cikin kanta yake. Mahaukaciya ce kawai! Fim ɗin tsoro da ba aljani cin kuɗi ne. Turkawa ne suka iya, ku duba Dabbe da Siccin.

Maman Hanifa, Marwa: Ƙanena, janye kalmar nan. Na kalle shi. Matar ɗanta ne ya rasu, ta riƙa jin muryarsa. Wannan ba mahaukaciya ba ce. Yayata ta yi haka bayan rasuwar mijinta, ta daina barci, tana shirya masa abinci kullum da dare. Wata huɗu muna jinyarta. Inda matar take gyara gadon yaron, sai da na tsayar da fim ɗin na yi kuka.

Mai Shayi, Kusuri: To Hajiya, in ba hauka ba, me sunansa? Hausa ba ta da wata kalma.

Maman Hanifa: Tana da ita. Larurar ƙwaƙwalwa.

Mai Shayi: Wannan Hausar rediyo ce. A kasuwa ba mai faɗin haka.

Malam Ƙarami, Ngaundare: Duk kun kauce. Mai jin muryar mamaci shafar aljanu ce ke damunsa, ruƙiyya ake masa. Turawa ba su yarda ba ne, shi ya sa suke mayar da komai ciwon kai.

Ɗalibar Jinya, Garwa: Allah gafarta Malam, ba mai musun aljanu. Amma akwai wanda magani da barci ke warkarwa. Kuma a fim ɗin tsoro na Amurka Get Out na 2017 ba aljani ko ɗaya, mutane ne abin tsoron, har darektansa Jordan Peele ya ci babbar kyautar fina-finai ta Oscar a kan rubuta labarin.

Malam Ƙarami: Oscar ba hujja ba ce a wurina, 'yata.

Ɗan Injamena: Ku 'yan Kamaru a waya kuke kallo da fassarar Faransanci, shi ya sa ba ku gane fim. Mu 'yan Chadi, darektanmu Mahamat-Saleh Haroun ya ɗauko mana kyauta a bikin fina-finai na Cannes tun 2010.

Na Rumde Ajiya: Wa ya tambaye ka? Fim ɗin tsoro ya yi?

Mai Shayi: Rabu da shi, kullum sai ya tsallako gadar Ngeli sayen kaya a wurinmu.

Ɗan Injamena: Da kuɗina nake zuwa.

Shugaban Zaure, Garwa: Ya isa. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda fim ɗin aljanu ya fi ratsa jiki, Malam kuma ya yi bayani gamsasshe. Ɗan Injamena, in ka sake taɓa 'yan Kamaru zan cire ka. Maganar kalma a bar ta, Na Rumde bai yi nufin cin mutunci ba.

Maman Hanifa: Alhaji, yawancin su wa? Mu biyu muka ce a'a. Kuma har yanzu bai janye ba.